Yadda Ake Saukar da Baƙi a Jirgin Ruwan da Ya Zama Gida

A gabashin Amurka akwai doguwar hanyar ruwa da ta taso daga Norfolk a jihar Virginia, ta bi gaɓar teku har Florida. Wasu sun bar gidan bulo sun koma kwana da tashi a ƙananan jirage a kanta. Zaman mutum biyu ba wuya. Ranar da iyaye, ƙanne da jikoki suka ce suna tafe, a nan ake gane wanda ya iya.

Fara da zaɓen lokaci. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar Atlantika ne, kada ka gayyaci kowa. Bari sai Disamba zuwa Afrilu. Ka kuma gaya musu su bar akwati a gida, su zuba kaya a jakar da ake naɗewa, don babu lungun da akwati zai shiga.

Da sun iso, kafin a ɗora tukunya, zagaya da su. Nuna musu tankin ruwan sha, su san abin da ke ciki shi ke nan har sai an koma tasha. Wanda ya saba sakin famfo yana alwala, miƙa masa buta. Banɗakin ma tankinsa daban, a tasha ake zuƙe shi, doka ta hana zubar da ƙazanta kusa da gaɓa. Wuta kuwa daga batir da sola take, cajin waya sai da rana. Wani abu da baƙo ba ya zato: jirgin da aka jefa wa anka, wato ƙarfen da ke riƙe shi a wuri ɗaya, juyawa yake da iska da igiyar ruwa, alƙiblar Azahar ba lallai ta zama ta La'asar ba. Sai a duba kamfas kafin a tayar da salla.

Kada a kwance igiya sai kowa ya gwada rigar da ke hana nutsewa, yara kuma ba sa cire tasu muddin jirgi na tafiya. Koya wa babba ɗaya kiran neman agaji a rediyo, tasha ta 16, ko da kai ne ka faɗa ruwa. Wanda zuciyarsa ta fara tashi, kada ya shige ɗaki. Ya fito iska, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya tauna citta.

Sai maganar dabbobi, kuma ita ta fi damuna. Ayun da masuntan Kwara da Binuwai suka sani yana da ɗan'uwa a Florida, tsawonsa ya kai mita 3, ciyawar ruwa yake ci, ba ya cutar da kowa. Idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 na Celsius, sai ayun su taru a maɓuɓɓugai masu ɗumi irin na Crystal River a yammacin Florida. Da asuba za ka ji hucinsa dab da jirgi, ka leƙa ka ga hanci mai gashi ya ɓullo ya koma. Dubi bayansa da kyau: da yawansu na ɗauke da tabo a jere, aikin farfelar jirgi ne, har masu bincike da tabon suke bambance wannan da wancan. Don haka inda aka kafa allon rage gudu, rage. Sa yaro mai kaifin ido a gaba ya riƙa duba da'irar da ke tashi a saman ruwa, alamar ayu na ƙasa.

Yara za su roƙe ka: “Kawu, mu ba shi ruwa da tiyo!” Yana son ruwan daɗi ƙwarai, amma ka hana. Dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 da dokar Florida ta 1978 sun haramta ciyar da shi ko tsokanarsa, domin ayun da ya saba da mutane shi ke kusantar farfela. Dolfin ma, dabbar teku mai kama da babban kifi, a bar masa tazarar mita 45, kada a jefa masa kifi.

Idan ziyarar ta kai Maris, kunkurun teku ya fara hawa rairayi yana saka ƙwai. In kun kwana kusa da gaɓa, kashe fitilun da ba dole ba, a ja labule, a bar ta saman jirgi da doka ta wajabta. Ƴaƴan kunkurun, da hasken sararin teku suke gane hanyar ruwa, wutar lantarki kuwa tudu take jan su.