Darasi Na 7: Ɗinkin Nafkin A Gida Da Dokar Kare Yara Ta Amurka

A darasin da ya gabata mun koyi yanka yadi da haɗa nafkin na wanki, wanda ake wankewa a sake ɗaura wa jariri. Yau za mu duba abin da ake nema daga mai ɗinka shi a gida idan a Amurka za ta sayar, ko tana zaune can, ko kuwa wata 'yar uwa ce za ta shigar mata da kayan. Can ba a duba ƙanƙantar sana'a. Keken ɗinki ɗaya ne a kusurwar ɗaki ko babbar masana'anta, doka ɗaya ce a kansu.

Asalin dokar

A shekarar 2007 an janye miliyoyin kayan wasan yara daga kasuwannin Amurka, saboda an samu dalma a fentin da aka shafa musu. Hankalin iyaye ya tashi, majalisa ta zauna, a watan Agusta na 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ake kira CPSIA. Hukumar da ke aiwatar da ita sunanta CPSC. Duk abin da aka yi domin yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ya shiga ƙarƙashinta, nafkin kuwa shi ne tufar farko ta jariri.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma ba ta da wari, ido ba ya ganinta, tana taruwa a jikin yaro kaɗan-kaɗan har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jariri kuma komai ya kama, baki yake kaiwa.

Ina haɗarin yake?

Ɗauki nafkin ɗaya ki shimfiɗa a cinyarki. Ki ƙirga abin da ke jikinsa: yadin ciki mai tsotse fitsari, yadin waje mai leda da ke hana yoyo, robar cinya, zare, maɓallai masu dannawa, wataƙila da ɗan hoton da aka buga a baya don ado.

Dokar ta ce dalmar da ke cikin kowane sashe da yaro zai iya taɓawa kada ta wuce kashi 100 cikin miliyan. Idan fenti ne ko wani abin shafe, kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Amma hukumar ta sauƙaƙa wa masu ɗinki: auduga, ulu, nailan da foliyesta, rinannu ko farare, ba sai an kai su gwajin dalma ba. Ashe ke nan yadin, wanda shi ne mafi yawa a jikin nafkin, ba shi ne abin damuwa ba. Ƙananan abubuwan nan da muke saye da awo ba tare da tambaya ba, su ne abin lura: maɓalli na ƙarfe ko na roba, ledar da aka manna wa yadi, da bugun hoto da ke zaune a saman yadi har farce na iya kankare shi.

Wata ɗaliba ta tambaya: "Malama, to ni ina zan samu kuɗin kai maɓalli ɗakin gwaji?"

Malama ta ce, "Hajiya, ba lalle ne ke ki kai ba. Doka ta yarda ki dogara da gwajin wanda ya sayar miki, in dai ya ba ki takardar sakamakon, kuma takardar ta wannan kayan ce da ke hannunki. Kafin ki biya, ki nemi takarda. Wanda ya ce babu, ki yi masa sallama ki nemi wani."

Wannan shawara ta fi kowace muhimmanci a darasin nan. Maɓallin da ke da takarda zai ɗan fi tsada, amma arha ba ta ado idan jikin jariri za ta hau.

Batun kama wuta

Ana kuma duba saurin da yadi ke kama wuta. Yadi mai sumul wanda nauyinsa ya kai kimanin giram 88 a kowace murabba'in mita an ɗauke masa gwaji. Haka ma wanda aka yi da zallar foliyesta, nailan ko ulu. Wanda ba a ɗauke wa ba shi ne na auduga mai gashi-gashi, irin na tawul, domin gashin nan wuta na bin sa da sauri. Shi ma ki nemi takardarsa wurin mai sayarwa.

Rajistar ƙananan masu sana'a

Wadda ba ta yi fiye da guda 7,500 na kaya iri ɗaya a shekarar da ta wuce ba, kuma cinikinta bai haura iyakar da aka sa ba, wato dala miliyan ɗaya da ƙarin da ake yi saboda hauhawar farashi, za ta iya yin rajista da CPSC ta intanet. Kowace shekara ake sabuntawa. Rajistar tana ɗauke mata wasu gwaje-gwaje masu tsada, ban da na fenti. A kula da kyau: gwaji aka ɗauke, ba a ɗauke doka ba. Idan aka samu dalma fiye da ƙima a kayanki, rajista ba za ta wanke ki ba.

Lamba da littafi

Kowane nafkin sai an ɗinka masa 'yar lamba da wanki ba zai goge ta ba. A jikinta a rubuta sunan sana'ar, garin da aka ɗinka, lokacin ɗinkin, da lambar rukunin, wato kason da aka ɗinka tare. Sannan akwai takardar shaida da ake rubutawa da Turanci, mai cewa kayan sun cika sharuɗɗa. Idan a cikin Amurka aka ɗinka, mai ɗinkin ce ke rubuta ta. Idan daga waje aka kawo, nauyin na kan mai shigo da kayan, kuma takardunki za ta nema.

Ga amfanin lambar. A ce wata uwa ta kira ta ce maɓalli ya cire, ta tsince shi a bakin ɗanta. Idan kina da littafi, za ki buɗe ki ga rukuni na 14 ne, guda 30, da maɓallan da kika saya a watan Maris, ga sunayen waɗanda suka saya. Cikin yini ɗaya kin sanar da su. Idan babu littafi, ba ki san gidan da sauran suke ba, kuma kowane gida akwai jariri a ciki. Dokar ta ce wanda ya gano lahani mai haɗari a kayansa ya sanar da hukumar cikin awa 24.

Shi ya sa kafin nafkin ya bar hannunki, ki kama kowane maɓalli ki ja da ƙarfi, ki wanke guda ɗaya daga rukunin sau da yawa, ki sake ja.

Aikin gida

Sayi littafi mai layi. A shafin farko ki ja gida biyar: kwanan wata, lambar rukuni, irin yadi, inda aka sayi maɓalli da roba, da yawan abin da aka ɗinka. Cika layi ɗaya da ɗinkinki na wannan makon. Sannan ki rubuta lambar da za ki ɗinka a jikin nafkin ɗinki a kan 'yar takarda, ki zo da ita aji ranar darasi na gaba mu karanta tare.