Yadda Za Ka Taimaka Wa Masu Ƙaramin Ƙarfi Cike Takardun Haraji A Amurka

Hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana da wani shiri mai suna VITA, inda 'yan sa-kai ke cike wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi takardun haraji kyauta. Ba sai kai akanta ba ne.

1. Ka yi rajista a shafin IRS tun a watan Oktoba ko Nuwamba. Za a haɗa ka da cibiya mafi kusa, galibi ɗakin karatu ko wata ƙungiyar unguwa.

2. Ka yi horon IRS mai suna Link & Learn Taxes ta intanet, ka ci jarrabawa da kashi 80 cikin 100. Idan lissafi na ba ka tsoro, ka nemi aikin tarbar mutane ko tafinta. A wurare irin Bronx da ke birnin New York, mai jin Hausa da Turanci yana da amfani sosai.

3. Ka sa hannu a fom 13615. Alkawari ne cewa ba za ka karɓi ko sisi ba, ko da tukuici ne, kuma za ka riƙe sirrin mutane.

4. Aiki yana kankama daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu. Duk wanda ya zauna gabanka, ka duba katin shaidarsa da takardar albashi ta W-2, sannan ku bi fom 13614-C, wato takardar tambayoyi kan iyali da kuɗin shiga, layi-layi. A nan, a ganina, aikin yake. Ka tambaya a natse: yara nawa, wata nawa suka zauna a gidan? Amsar na cikin abin da ke nuna ko iyalin sun cancanci EITC, wato rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi, wanda kan kai dubban daloli.

5. Kafin a aika, wani ɗan sa-kai na biyu zai sake duba aikinka.