Yadda ake shirya filin jirgin sama domin ranar hatsari

Ma'aunin aikin nan minti uku ne. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce daga lokacin da aka sanar da 'yan kwana-kwana, motarsu ta farko ta isa kowane ƙarshen titin jirgi ta fara fesa kumfa cikin minti uku, an ma fi son biyu. Idan man jirgi ya kama da wuta, ba ya daɗewa yake cin jikin jirgin, hayaƙi ya cika ciki.

Da farko a zauna a rubuta wa zai yi me: ma'aikatan hasumiyar kula da tashi da saukar jirage, 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, kamfanonin jirage, asibitocin gari, da hukumar agaji irin su NEMA a Najeriya. A ayyana mutum ɗaya da zai ba da umarni a wurin hatsari, a sa masa riga mai launi da kowa zai hango.

Sai a raba faɗakarwa hawa-hawa. Akwai zaman shiri, idan matuƙi ya ce yana da 'yar matsala. Akwai cikakken shirin gaggawa, idan ana fargabar saukar. Akwai kuma hatsarin da ya riga ya auku. Hasumiya ta tambayi matuƙi yawan rayukan da ke ciki, sauran man da ya rage, da ko yana ɗauke da kaya masu haɗari.

Daga nan a zana taswira mai gida-gida da lambobi, a raba wa kowace mota, a kuma tsayar da ƙofar da motocin asibiti za su taru. Taswirar ta haɗa har da unguwannin kewaye. Jirgin kamfanin EAS da ya faɗi a Kano ranar 4 ga Mayu 2002, cikin gidajen Gwammaja ya faɗa jim kaɗan bayan tashinsa.

Matakin da na fi damuwa da shi shi ne sanin jiragen kansu. A 1980 wuta ta kama a jirgin Saudia da ya tashi daga Riyad zuwa Jidda. Ya juyo ya sauka lafiya, amma matuƙin bai tsaya nan take ba, ba a kuma fara fitar da mutane ba. Masu ceto ba su saba da ƙofofin irin wannan jirgi ba, sai da aka kwashe minti 23 bayan kashe injina kafin a buɗe. Duk mutum 301 da ke ciki sun rasu, alhali jirgin yana ƙasa. Don haka kowane ɗan kwana-kwana ya hau irin jiragen da ke sauka a filinsa, ya kama hannun ƙofar, ya buɗe ta daga waje, har hannunsa ya saba. Karatun takarda ba ya koyar da wannan.

Waɗanda aka fitar, a kai su nesa, ɓangaren da iska ke tahowa, a tantance su da launi: ja ga mai buƙatar likita yanzu-yanzu, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. A ware wa 'yan uwa ɗaki da mai yi musu bayani, kada uwa ta fara jin labarin ɗanta a Facebook.

Sannan atisaye. ICAO ta nemi a yi cikakke aƙalla sau ɗaya duk shekara biyu, da ƙanana a tsakani. A filin Haneda na Tokyo, ranar 2 ga Janairu 2024, mutum 379 sun fita da rai daga jirgin Japan Airlines da ke cin wuta, ta ƙofofi uku kacal, ba tare da jan akwatuna ba. A ganina, filayen da ke jigilar alhazai su yi nasu kafin a fara tashi, su yi shi da dare ko cikin hazo, da tsofaffi masu jin Hausa kawai a matsayin fasinjoji, wani kuma ya riƙe agogo yana rubuta mintin da kowace mota ta iso.