Kurakuran da ake yawan yi da maganin HIV a Sakkwato, da yadda za a gyara su

Mafi yawan manyan da ke karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko a Asibitin Ƙwararru ko a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Ita ce TLD, magani uku a dunƙule: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da mai dolutegravir ya fi dacewa a fara, kuma kyauta ake ba da shi. Sai dai ba ya fitar da cutar daga jiki. Danne ƙwayar cutar yake yi, ya hana ta hayayyafa, muddin yana cikin jini kullum. Kusan duk kuskuren da ake yi bai wuce biyu ba: ko maganin bai shiga ba, ko ya shiga an tare masa hanya.

Babban kuskure shi ne ajiye magani don an ji sauƙi. Mutum ya fara sha yana rame, bayan wata shida jiki ya murje, ya koma kasuwa, sai ka ji ya ce: "Mi za ni yi da magani, ga ni lahiya lau?" Lafiyar da yake gani aikin maganin ce. Da ya daina, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar za ta sake cika jini, shi kuwa ba zai ji komai ba sai ta yi ɓarna. Sha yau a bari gobe ma ya fi muni, domin ta haka ƙwayar cutar ke koyon bijire wa magani, daga nan sai a koma layi na biyu, wato magungunan da ake ba wanda na farko ya daina yi wa aiki, mai ƙwayoyi da yawa da wahalar sha. Ga wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tenofovir da lamivudine suna danne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Mai cutukan biyu in ya yanke magani farat ɗaya, hantar na iya tashi da ƙarfi. Wanda ya riga ya daina ya ɗauki katinsa ya koma asibiti, kada kunyar faɗan ma'aikata ta hana shi. Faɗan minti biyar ne.

Mai tura mutane ga wannan kuskure sau da yawa mai maganin gargajiya ne da lasifika a bakin tasha, ko wani a waya, yana rantsuwa yana warkar da ƙanjamau cikin kwana arba'in, da sharaɗin a bar na asibiti. Har yau babu jiƙo ko gari da aka tabbatar yana warkar da ita. Addu'a da tofi ba su hana shan magani, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani. Jiƙe-jiƙen kuwa a faɗa wa likita, saboda wasu na wahalar da hanta da ƙoda.

Sai ɓoyo. Binciken ƙasa na 2018 ya sa Sakkwato cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci, kuma a ganina wannan na ƙara wa mai ita jin cewa shi kaɗai ne. Don kada a ga kwalbar, sai a juye ƙwayoyin a leda, a cusa a aljihu, ko a akwatin mota, ko ƙarƙashin kujerar kabu-kabu. Maganin ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, alhali bazarar Sakkwato tana haura 40. A bar shi a kwalbarsa a rufe da kyau, tare da ɗan ƙunshin nan da ke ciki, wanda aikinsa tsotse danshi ne, ba na yarwa ba ne. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaka, nesa da taga da rufin kwano da hannun yara. In rubutun jikin kwalbar ne damuwa, a sa ta cikin wata jaka ko gwangwani. Kuma a samu mutum ɗaya amintacce da ya sani, wanda zai tuna maka, ya karɓo maka ranar da ka kwanta.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni takaici, domin masu kula da kansu ne ke faɗawa cikinsa. Mutum bai taɓa tsallake rana ba, amma yana haɗiye TLD ya bi shi da farin maganin olsa na ruwa da ya saya a kemis. Irin waɗannan suna ɗauke da magnesium ko aluminium, masu kama dolutegravir tun a hanji su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin maganin olsar, ko awa 6 bayansa. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo da na ƙarin ƙarfin ƙashi mai calcium su ma haka ne, sai dai su ana iya shan su lokaci guda da TLD in da abinci aka haɗa. Omeprazole, wani maganin olsa na daban, ba ya wannan rigima da TLD, amma yana yi da atazanavir na layi na biyu, don haka kada wani ya ɗauki shawarar maƙwabcinsa ya ɗora wa kansa.

Mai tarin fuka da aka ba rifampicin yana buƙatar ƙarin dolutegravir miligiram 50 awa 12 bayan TLD, saboda rifampicin na sa hanta ta narkar da shi da sauri. In a wani asibiti ake karɓar na tari, a wani kuma na HIV, kuma an ɓoye wa kowa, wa zai ƙara? Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine, phenytoin da phenobarbital su ma suna rage ƙarfinsa. Mai ciwon suga kuwa, dolutegravir na ƙara yawan metformin, maganin suga, a jini, sai likita ya daidaita yawan da za a sha. Gyaran duk ɗaya ne: duk wanda zai rubuta maka magani ya san abin da kake sha.

Tenofovir ta ƙoda yake fita. Lebura ko manomi da ya yini a rana bai sha ruwa sosai ba, da yamma ya haɗiyi diclofenac ko ibuprofen ko haɗin "gajiya" na masu talla, kullum haka, yana ɗora wa ƙodarsa kaya biyu. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciwon jiki na yau da kullum. A yawaita ruwa, a yi gwajin ƙoda duk lokacin da aka nema.

Mantuwa kuwa ba abin tashin hankali ba ce. Ka sha da zarar ka tuna. In lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce, kada ka haɗa biyu. Ɗaura shi ga abin da ba ka fashi ya fi agogo, kamar bayan sallar Asuba ko Isha'i. Wanda yake kasa barci ya mayar da shi safe. Azumi ma ba dalilin ajiyewa ba ne, tunda sau ɗaya ne: a mayar da shi lokacin buɗa-baki ko sahur, a tsaya a kan ɗaya, a shaida wa asibiti kafin watan ya kama. Ciwon kai da tashin zuciya na makonnin farko sukan wuce. Amma idanu su yi ɗorawa, ko ƙuraje su feso da zazzaɓi, ko fuska ta kumbura, ko fitsari ya ragu, wannan na asibiti ne a ranar.

Miji ya ɗiba a kwalbar matarsa, ko kishiya ta ara wa kishiya, sai duka biyun su yanke kafin ranar karɓa, kuma ba lallai iri ɗaya aka rubuta musu ba. Yaro kuma da nauyinsa ake auna nasa, ba a ɓantara masa na babba. Mai fita cin rani Kudu, ko fatauci ta Illela zuwa Ƙonni, ya faɗa tun da wuri. Wanda ya daidaita a kan magani ana ba shi na wata uku, wani lokaci har shida. Wanda rashin tsaro ya raba da garinsu ya nufi cibiyar da ta fi kusa, da kati ko da kwalbar da ta ƙare.

Ke mai ciki, kada ki daina don tsoron cutar da jariri. Fargabar da ta taso daga Botswana a 2018 cewa dolutegravir na iya cutar da jariri a ciki, ƙarin bincike ya kwantar da ita, ana ba masu ciki. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na ɗauka daga uwa, da magani kuwa ba su kai 5 ba. Ko a gida kika haihu, a kai jaririn asibiti nan da nan a fara ba shi nasa na ruwa, a gwada shi a mako 6. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ke kuma kina kan maganinki.

Na ƙarshe shi ne karɓar magani shekara da shekaru ba a auna yawan ƙwayar cutar a jini ba, ko a ba da jini a ƙi komawa tambayar sakamako. Ana yin awon a wata 6 da farawa, a sake a wata 12, sannan duk shekara. In ya sauka ƙasa da ƙwayar cuta 200 a kowane mililita na jini ya zauna a nan, mutum ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. In ya haura 1,000, ba a gaggawar canza magani: za a zauna da kai a binciko inda ake samun tsallake ko abin da kake haɗawa da shi, a sake awon bayan wata 3, sannan likita ya yanke ko za a koma layi na biyu.