Kurakuran da aka fi yi da gatari da weji wajen faskaren itace

Ana saura mako biyu Babbar Sallah itace kan yi daraja a Sakkwato, don gashin layya a nan ba ƙaramin aiki ba ne. A feɗe rago, a tsire shi a sanda, a jera kewaye da wuta, wutar kuwa manyan faskare take so, ƙirare ba su yi mata komai. A lokacin ne magidanci ke tuno da gatarin da ya jingine bayan ɗaki tun bara, ya miƙa wa yaro ya ce je ka faskara. A lokacin ne kuma ƙota ke karyewa, bakin gatari ya ɓalgace, wani ma a kwashe shi sai asibiti da ƙafa a ɗaure. Ƙarfi kam akwai shi. Abin da ake rasawa shi ne sanin wane ƙarfe ya dace da wane aiki, da kuma kula da shi kafin ranar buƙata.

Kuskuren farko shi ne a sa gatari ɗaya ya yi komai. Gatarin sara bakinsa siriri ne mai kaifi, aikinsa ya datse itace a gicciye. Na faskare kuwa kauri da nauyi ake nema a jikinsa, don ya buɗa gungume bisa tsawonsa. In ka kai wa gungumen marke sara da siririn gatari, nutsewa zai yi ya maƙale, sai ka ga mutum ya taka itacen yana murɗa ƙota hagu da dama. Murɗawar nan ita ke tsaga kan ƙota. Idan ya maƙale, ɗaga ƙotar sama ka danna ƙasa, bisa layin da bakin ya shiga, ko ka kafa weji, wato ƙarfen da ake dokawa da guduma don tsaga itace, a gefensa tsagar ta buɗe ya fito da kansa. In kuma za ka sayi sabo a Maƙera Assada, unguwar maƙeran Sakkwato, ko a kasuwar ƙauye, kada ka ce a ba ka gatari kawai. Ka ce wa maƙerin, "Baba, na faskare nake so, gungume zan riƙa fasawa." Ya san wanda zai ɗauko maka, galibi ƙirar sifirin mota, mai jure duka.

Sai ƙota, wadda ita ce uwar matsalar. Gatarinmu na gida wutsiyar ƙarfen ce ke ratsa rami a kan ƙota, shi ya sa ake barin kan da kauri, ana kuma zaɓen wurin gaɓa inda itacen ya murɗe, don kada ya tsage. Mai gaggawa sai ya saro ɗanyen reshe, ya fafe, ya soka ƙarfe ya hau aiki. Da damina ba zai ga laifinta ba. Bari iskar hunturu ta kaɗa, itacen ya bushe, ramin ya saki ƙarfen, gatari ya fara girgiɗi. Daga nan sai a shiga dabaru, wannan ya cusa tsumma, wancan ya buga ƙusa, wani ya tsoma kan gatarin cikin bokitin ruwa ya kwana. Jiƙawar nan ta fi yaudara, domin da safe za ka iske ya kama gam, amma itacen da ya kumbura ya matse jikin ƙarfe ya riga ya murƙushe daga ciki, in ya sake bushewa sai ya fi da sakewa. Ƙarfen da ya kuɓuce a tsakiyar sara kuwa ba ka da iko da inda zai sauka.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so. A nemi marke ko aduwa ko ƙirya, a ajiye a inuwa ya bushe sosai kafin a huda, ramin kuma a bar shi a ɗan matse, ƙarfen ya shiga da duka. A riƙa shafa wa ƙotar mai kaɗan lokacin hunturu. Gatarin kanti, wanda ƙota ce ke shiga cikin ƙarfen, shi ana tsaga kan ƙotar ne a buga ɗan itace busasshe a ciki ya cika ramin. Ƙotar da ta riga ta tsage kuwa, ɗaurin robar taya ba ya mayar da ita. A sa ta a murhu, a yi sabuwa. Kafin ka fara aiki kullum, kama ƙarfen da hannu ka jijjiga, in ya motsa ko kaɗan, ajiye.

Wajen wasawa ma ana ɓata gatari mai kyau cikin minti biyu. A kai shi wurin mai injin wasa, a danna har tartsatsi na tashi, bakin ya koma shuɗi. Shuɗin nan alama ce zafi ya kashe taurin da maƙeri ya ba ƙarfen, daga ranar bakin zai riƙa lanƙwashewa. In dole sai inji, a yi a hankali ana tsomawa a ruwa. Magagari ko dutse da ruwa sun fi, kuma gatarin faskare ba ya buƙatar kaifin aska, bakin da ya cika siranta shi ke ɓalgacewa a gaɓa.

Gungumen da ya fi ƙarfin gatari, na weji ne da guduma. Mutane da yawa weji ɗaya suke da shi, sai su kora shi har ya nutse cikin itace, gungumen bai rabu ba, weji kuma ya ƙi fita. A tanadi biyu ko uku. Duba ƙarshen gungumen, kusan kullum akwai 'yar tsaga da bushewa ta fara, nan za ka kafa na farko. Tsagar na tafiya, ka kafa na biyu a gabanta, na farkon zai saki da kansa, ka zare ka kai gaba. Duka biyun farko a yi su a hankali har ya zauna, in ba haka ba ɗanyen itace tofo shi yake yi, ya tashi ya nufi ƙauri. Idan yana yawan tsalle, fara sara masa gurbi da gatari, ka goge maiƙon jikinsa, ka ɗan barbaɗa toka. Kunne ma na da aiki a nan: muddin ƙarar na fita tsaf-tsaf itacen bai saki ba, da ka ji ta koma ƙasa-ƙasa da ɗan ƙas-ƙas a ciki, rage ƙarfi, rabuwa ta zo. Kada kuma ka kuskura ka sa yatsa cikin tsaga don cire wani abu. Weji na iya zamewa, itacen ya rufe a kan hannu. Sa guntun itace mai tauri ya tokare tukuna.

Akwai abin da na ga ko ƙwararrun masu faskare na raina shi, wato kan weji da ya baje saboda yawan duka, gefensa ya nannaɗo ya tsattsage. Waɗannan 'yan leɓɓan ƙarfe su ke ɓallewa su tashi, kuma ido suka fi samu. Kai shi a kankare gefen ya koma daidai, aikin bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Haka nan kada a mai da gatari weji ana dukan ƙeyarsa da guduma, kada kuma a mai da ƙeyar gatari guduma. Na kanti raminsa ne zai buɗe, na gida kuma ƙota ce za ta tafi.

Shi kansa itacen sai an san halinsa. Tsamiya da ƙirya in suka bushe a gungume gatari dawowa yake yi, gara a fasa su tun da sauran ɗanyantaka, sannan a shanya. Itacen turare ma haka, in ya daɗe jijiyarsa sarƙewa take yi. Babban gungume ba a fara shi daga tsakiya, ana ɓantarowa ne daga gefe ana zagayawa har ya rage. Wurin gaɓa ko inda reshe ya rabu biyu, kada ka ɓata ƙarfinka, sa zarto, ko ka bar shi haka nan don wutar gashi ko ta masu burodi. Kuka ba itacen wuta ba ce, cikinta taushi ne da ruwa. Tumfafiya kuma a kiyayi farin ruwanta, yana yi wa ido illa.

Wurin aiki fa? Faskare a kan rairayi asarar ƙarfi ne, ƙasa na shanye rabin dukan, yashi kuma na cinye kaifi. Kan siminti ya fi muni. A shimfiɗa wani faffaɗan gungume a ƙasa a ɗora na fasawa a kai. Al'adar take itace da ƙafa, da silifas, ana sara kusa da yatsu, ita ta fi kai mutane ɗinki. Buɗe ƙafafu, itacen ya kasance gabanka daidai tsawon ƙota, in sara ya kuskure ya sauka ƙasa tsakaninsu. A tsakar gida kuma ɗaga kai ka duba igiyar shanya kafin ka ɗaga gatari, don in ta kama shi a sama, kanka zai dawo. Yara a kore su can nesa, ba sau ɗaya ba, don dawowa suke yi. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, gumi na sa ƙota santsi, gajiya na sa sara ya kauce, saboda haka aikin na sassafe ne. In tsautsayi ya faɗa, kada a zuba ƙasa ko baƙin mai a ciwo. A wanke da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta jini ya tsaya, a tafi asibiti a duba batun ɗinki da allurar tetanus.

Masu zuwa daji kuwa, babban kuskurensu kayar da ɗanyen icce gaba ɗaya alhali reshe ya isa. Gawo na ba dabbobi abinci da rani, yana kuma gyara ƙasar gona, 'ya'yan bagaruwa da su majema ke jeme fatar jan akuyar da aka san Sakkwato da ita. Jihar na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa saboda kwararowar hamada, kuma sara a gandun daji ba izini na iya haɗa ka da malaman daji, a ƙwace gatarin da itacen duka. Sabara da kalgo in an sare su da adda mai kaifi, sara ɗaya a karkace, suna sake tofowa. Dakusasshiyar adda ce ke farfasa kututture ya ruɓe. Tsohon tarin itace kuma a fara juya shi da sanda kafin a kai hannu, kububuwa da kunama na son ƙarƙashinsa.

Itacen da aka faskara kada a zube shi a ƙasa, gara ba ta jira. A ɗora kan duwatsu ko bulo, a bar iska na ratsawa, da damina a rufe samansa kawai, gefe a buɗe, in ba haka ba uwargida za ta sha hayaƙi har idonta ya yi ja. Gatari da weji a goge su, a shafa mai, a ajiye cikin ɗaki inda rana da ruwan sama ba su kai, bakin gatarin na fuskantar bango, sama da inda hannun yaro zai kai.