Yadda na haɗa abin huda takardar fiyano mai kaɗa kansa

Fiyano mai kaɗa kansa takarda yake karantawa, doguwa naɗaɗɗiya mai ƙananan huji, tana bi ta kan wani sandan tagulla mai ramuka. Duk inda huji ya hau kan rami, iska ta shiga, sauti ya fita. Da na liƙe wata tsohuwar takarda da ta yage, sai liƙin ya toshe hujin wurin, kiɗan ya riƙa tsallakewa.

Abin huda takarda na ofis bai yi ba, bakinsa ya cika faɗi. Tsarin da masu ƙera fiyano suka amince da shi a Buffalo ta Amurka a 1908 huji 9 ne a kowane inci, don haka huji ɗaya mai faɗi sai ya buɗe ramuka biyu.

Na samo siririn bututun tagulla wanda cikinsa bai kai milimita 2 ba, na yanko tsawon yatsa. Na ɗaura shi a injin huda katako, yana juyawa ina goga bakinsa da sanfefa mai laushi. Ta waje kawai na wasa shi, domin girman hujin ya tsaya daidai da cikin bututun. Sannan na yi masa ƙota ta katako.

Ban sa guduma ba, tsohuwar takarda ba ta jure duka. Na shimfiɗa ta kan katako mai santsi, na danna, na murza kaɗan. Inda sautin yake da tsawo na jera huji kusa da kusa, ina barin siririyar gada tsakaninsu kada takardar ta sake tsagewa. Gutsattsarin da ke cika bututun kuwa, da siririyar waya nake turo su.