Kundin binciken aji huɗu a sashen Tarihi: ta ina za ka fara?

In ka samu gurbin karatun Tarihi a jami'a, ka sani haddar shekaru ba za ta fisshe ka ba. Kowa na iya cewa Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Abin da malamanka za su matsa maka a kai shi ne: wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema da ya faɗi haka? Tarbiyyar da manyan malaman tarihi, su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, suka bari a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke nan, kuma da ita za a auna kundinka.

Zaɓi maudu'i tun hutun aji uku, kuma ƙarami. Bar tarihin Daular Sakkwato gaba ɗaya. Ɗauki marinar unguwarku, ko yadda aka karɓi jangali a gunduma guda.

Daga nan sai Kaduna. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa akwai fayilolin lardunan Arewa, irin su KanoProf da SokProf, cike da rahotannin Razdan da Di'o, wato jami'an mulkin mallaka. Takardun sun sha shekaru, gefen wasu na marmashewa a hannu, sai ka juya su a hankali. Rubuta lambar fayil kafin ka karanta ko layi ɗaya, don ranar kawo madogara ba za ka tuna ba. Leƙa Arewa House ma, tsohon gidan Sardauna, saboda rubuce-rubucen Larabci da ajami. In ba ka iya ajami ba, koma wurin malamin allo ya koya maka; ni ina ganin wannan dole ne ga ɗalibin tarihin ƙasar Hausa.

Sai dai kada ka haɗiye maganar Di'o ba tauna. Rahotannin da ke fayil kan tawayen Satiru, wani gari kusa da Sakkwato, a 1906, ɓangaren da ya rushe garin ne ya rubuta su. Shi ya sa dole ka zauna da dattawa. Tafi da goro, ka durƙusa ka gaisa, ka ce, "Baba, na zo ne ka ba ni labarin garin nan." Kada ka zaro waya sai ka nemi izinin naɗar muryarsa. Kada ka tsallake tsofaffin mata. A waƙar daka da kirari sukan riƙe sunayen da fada ta manta. Rubuta suna da shekaru da wuri da ranar hira. In dattawa biyu suka saɓa, kawo maganar kowa, ka gwada ta da takarda, sannan ka faɗi wadda ka rinjayar da dalilinka.